Zan ɗaga tsohon gidan katako a Brisbane, amma bututun hayaƙi ya tsaya mini a wuya

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini a ƙasar nan ta Ostireliya. Gidan da muka saya a 2020 tsohon gidan katako ne irin na Queensland, mai baranda da rufin kwano, a kwarin da ke kusa da rafin Oxley. An gina shi wajen 1925. Yana tsaye ne kan dirkokin itace 54, tsayinsu bai wuce ƙuguna ba. A ambaliyar Fabrairun 2022 ruwa ya cika ƙarƙashinsa, saura kamar tafin hannu ya taɓa daɓen. Allah ya kiyaye.

Tun daga nan gidan bai koma daidai ba. Ƙofar kicin sai an sa kafaɗa take rufuwa. In Khalifa ya ajiye ƙwallo a gaban murhu, da kanta take gangarawa har jikin taga. Ranar Asabar na ɗauki tocila da sukudireba na rarrafa ƙarƙashin gidan. Dirka ta uku da na soka, daidai inda ta haɗu da ƙasa, sukudireban ya shige har mariƙi kamar na soka dafaffiyar doya.

To canza dirkoki dai ya zama dole. Na ce tunda za a sa jak, gara a ɗaga gidan gaba ɗaya a huta da fargabar ruwa. Matsalar ita ce akwai bututun hayaƙi na jan bulo a tsakiyar gidan, tsakanin falo da kicin. 'Yan kwangila uku na kira, kowa da tasa. Na farko ya ce a rushe shi. Na biyu ya ce a bar shi inda yake, a ɗaga gidan a kewayensa, daga baya a ƙara masa tsayi. Na uku ya ce zai iya ɗaga shi tare da gidan, amma kuɗin da ya faɗa na bututun kaɗai sai da na nemi kujera. Wanne zan bi?

Kawu Birkila: Wa alaikumus salam. Ni da nake Kano na karanta sau biyu. Gida ake ɗagawa da jak kamar motar da ta yi faci? Shekara talatin ina gini ban taɓa gani ba. Ɗana, ka tabbata ba damfararka za su yi ba?

Na-Mai-Wurno: Kawu, wallahi ana yi, ni da hannuna na yi. Shekara biyu na yi lebura da masu wannan aikin lokacin da na zo daga Sudan. Gidan katako ba shi da nauyin da kake zato, kuma ba a ƙasa yake zaune ba, a kan manyan katakan kwance yake, su kuma suna kan dirkoki. Ana cire wuta da ruwa da gas da bututun masai, a ɓalle matakala. Sai a zura dogayen ƙarafa ta ƙarƙashin manyan katakan nan daga wannan gefe zuwa wancan, a sa jak masu aiki da mai a ƙarƙashin ƙarafan. A ɗaga kaɗan, a jera guntayen katako, biyu a kwance biyu a gicciye, a sauke gidan a kansu, a matsar da jak sama, a sake. Haka har a kai tsayin da ake so. Ɗagawar kanta kwana ɗaya ce ko biyu. Na taɓa shiga wani gida bayan mun kai shi sama, na tarar da kofin shayi a kan tebur bai zube ba.

Abin da ke cin lokaci shi ne bayan nan: haƙa ramuka, kafa sabbin ginshiƙai, zuba kankare, a jira ya bushe, sannan a sauke gidan a kansu.

Amma bututu wata magana ce daban. Duk ranar da muka je aiki muka hango bulo ya leƙo ta saman kwano, mai gidanmu sai ya ɓata rai tun daga cikin mota.

Kawu Birkila: Ikon Allah. Gani ya kori ji, in an fara a turo mana bidiyo.

Injiniya: Baban Khalifa, ƙwallon ɗanka ta riga ta ba ka rabin amsa. Ka lura daga murhu take gangarawa, ba zuwa murhu ba. Dalili shi ne bututun nan ba ɓangaren gidan ba ne. Gini ne mai zaman kansa, yana tsaye kan nasa harsashin, an dai gina gidan katako a kewayensa. Dirkoki sun ruɓe gidan ya sauka, shi yana nan inda aka bar shi shekara ɗari, har ma ya riƙe daɓen da ke jikinsa ya yi tozo. Wato a ɗakinka akwai maƙwabta biyu da ba su haɗa tushe ba, kai kuma kana son ka tashi ɗaya.

Yanzu mu bi hanyoyin uku.

In aka bar shi a ƙasa aka ɗaga gidan mita biyu, bakin murhun da kake gani a falo zai koma ƙarƙashin gida. A falon naka sai dai ka ga dogon wuyan bulo yana wucewa, babu wurin hura wuta. Kafin ya sake zama murhu sai an rushe daga wani wuri an gina sabon baki a sama, an ƙara wuyan har ya fita ta kwano. To ka ga ka ɗora ƙarin nauyi a kan harsashin da aka yi wa ƙaramin kaya, kuma ka mayar da shi dogo siriri. Ban ce ba ya yiwuwa ba, amma sai an tone an ga harsashin da ido.

Ɗaga shi tare da gidan kuwa sai an huda gindinsa an zura ƙarafa, an ɗaure shi da katako ta ko'ina, an yanke shi daga harsashinsa. Bulo yana jure danni, ba ya jure ja ko murɗiya. Jak ɗaya ya riga sauran da kaurin yatsa, ya tsage. Kuma ko ya kai sama lafiya, sai an gina masa sabon gindi daga ƙasa har inda ya tsaya. Shi ya sa kuɗin ya ba ka tsoro.

Kafin ka yanke hukunci yi wannan: ka hau silin da makulli a hannu, ka kankare abin da ke tsakanin bulo da bulo. Gine-ginen wancan zamani yawanci da farar ƙasa da yashi aka haɗa su, ba siminti ba. In ka ga yana zubowa kamar gari, ka dawo ka faɗa mana.

Maman Ilham: Injiniya, da girmanka, amma duk bayaninka ya karkata ne zuwa a rushe, ko da ba ka furta ba. Ni ban yarda ba. Mu a Toowoomba muke, gidanmu ma na katako ne mai bututu, kuma mun canza dirkoki ba a taɓa bulo ko ɗaya ba. An dai daidaita gidan da tsayin murhun, shi ke nan. Abin da kawai ya faru, fenti ya tsage a kusurwa biyu, ƙofofi uku sai da kafinta ya sake ferewa saboda an fere su a baya don su dace da karkataccen gida.

Tsohon murhu ba abin yarwa ba ne a ƙasar nan. Masu sayen irin waɗannan gidaje shi suke fara dubawa, da silin da tagogi masu gilashi mai launi. Ka rushe yau, gobe ka zo sayarwa ka yi da-na-sani.

Injiniya: Hajiya, ai ba mu saɓa ba. Ku canza dirka kuka yi, ba ku ɗaga ba. In gida zai tsaya a tsayinsa, ni ma ba zan ce a taɓa bututu ba. Kuma ku kuna kan tudu, kusan mita 700 sama da teku, sanyin Yuli yana sa ku hura wuta da gaske. Shi yana kwari, ruwa ne abokin gabarsa. Baban Khalifa, sau nawa kuka hura wuta a murhun nan tun da kuka tare?

Baban Khalifa: Sau biyu. Na biyun hayaƙi ya cika falo har ƙararrawar gobara ta tashi maƙwabta.

Maman Khalifa: Tunda an kawo maganar gidana gaban jama'a ba a gaya mini ba, bari in sa baki. Sau biyu ne, gaskiya ne. Amma ranar da muka zo duba gidan, murhun nan ne ya sa na ce a saya. Tayil ɗin da ke gabansa kore ne mai zanen fure, da katakon samansa da aka sassaƙa da hannu. A nan nake jera hotunan iyayenmu. Shi lissafin kuɗi kawai yake yi. A ɗaga gida ban hana ba, ni ma ban manta daren da muka kwana muna haska ruwa da tocila ba. Amma a nemo dabara.

Admin: Maman Khalifa ta shigo, kowa ya gyara zama.

Ɗan Zazzau a Christchurch: Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ina garin nan na Christchurch a Niyu Zilan lokacin girgizar ƙasar Satumban 2010 da ta Fabrairun 2011. Gidajen katako da yawa sun yi rawa sun tsaya da ƙafarsu, amma bututansu na bulo sun zube, wasu waje, wasu suka ɓarke kwano suka faɗa cikin ɗaki. Bayan nan ko ina ka bi sai ka ga leda an rufe ramin da bututu ya bari. Da yawa da suka gyara ba su mayar da bulo ba, bututun ƙarfe mara nauyi suka sa, wasu suka lulluɓe shi da siraran bulo don ido. Ni tun daga lokacin ba na barin yaro ya kwana kusa da tsohon bututu.

Maman Ilham: Nan ba Niyu Zilan ba ce, Malam.

Injiniya: Ba ita ba ce, amma Newcastle a Ostireliya take. Disamban 1989 girgiza mai ƙarfin 5.6 ta kashe mutum 13 a can, kuma tsoffin gine-ginen bulo ne suka fi jin jiki. Ban da haka Brisbane na da guguwar bazara. Gidan katako da ke kan dogayen ƙafafu yana ɗan motsi da iska, bulo ba ya motsi. Haɗuwarsu ita ce wurin tsagewa.

Bakatsine: Ni tambayata daban ce. Lallai ne sai an ɗaga? Ruwan bai shiga ba fa. Ka canza dirkokinka, ka bar wa Hajiya murhunta, ka adana kuɗinka. A bar kaza cikin gashinta.

Baban Khalifa: Haka na yi tunani da farko. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ce ta sauya mini ra'ayi. Tun 1974 tana layin. Ta kai ni bayan gidanta ta nuna mini zane biyu da mijinta ya yi da ƙusa a jikin ginshiƙi. Na 2011 ya kai ƙirjina, na 1974 ya wuce kaina. Na je na duba, a ma'aunin tsakiyar birni kogin Brisbane ya kai mita 3.85 a 2022, mita 4.46 a 2011, mita 5.45 a 1974. Wato wanda ya hana mu barci shi ne ƙaraminsu. Ta ce bayan an gama madatsar ruwa ta Wivenhoe a kan kogin Brisbane mutane sun ɗauka an rabu da ambaliya ke nan, har 2011 ta zo.

Bakatsine: To na janye. Amma ba ka nemi tallafin nan na gwamnati ba? Na ji an ware dalar Ostireliya miliyan 741 bayan ambaliyar 2022, na gyara ko ɗagawa ko gwamnati ta saye gidan.

Baban Khalifa: Na waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna ne a cikin gida, kuma an rufe rajista tun 2023. Aljihuna ne kawai.

Injiniya: Tunda ɗagawa ta tabbata, kada ka zaɓi tsayi da ido. Ka sauke rahoton FloodWise na filinka daga shafin ƙaramar hukumar Brisbane, kyauta ne, zai nuna maka matakin ruwan da ake lissafi da shi a wurin. Daga sama kuma akwai iyaka, a yawancin unguwannin zama gida ba ya wuce mita 9.5. Daga ƙasa, in kana son a kira wurin ɗakin zama a hukumance sai silin ya kai mita 2.4, gareji da wurin wanki 2.1 ya isa.

Sai dai ga inda mutane ke ba ni mamaki. Mutum ya kashe kuɗi ya gudu daga ruwa, shekara biyu sai ka ga ya zagaye ƙarƙashin da bango, ya shimfiɗa kafet, ya sa gado ya ba ɗan haya. To me aka yi ke nan? Ka bar ƙasan a buɗe, mota da injin wanki, abin da za a iya wankewa da tiyo.

Na-Mai-Wurno: Wannan haka yake. Kuma a kan dirka, ni ƙarfe mai rufin tutiya zan ce. Na kankare suna da kyau in gidan gajere ne, amma na sha ciro waɗanda rodin cikinsu ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa su. In za a yi tsayi, ƙarfe ya fi, ana ɗaure shi da noti a jikin katako, a sa masa ƙarafan gicciye don kada ya yi lilo. Tsoffin gidajen nan wasu nauyinsu ne kawai ke riƙe da su a kan dirka. Tun bayan guguwar Tracy da ta share Darwin a 1974 aka tsananta dokar ɗaure gida tun daga kwano har ƙasa.

Abu ɗaya da ba wanda ya ambata: a duba cikin rufi ko tsohon kafinta ya ɗora wani katako a jikin bututun. Suna yi. Mun taɓa fara ɗagawa muka ji ƙara kamar an harba bindiga, ashe katakon silin ne ke cikin bulo. Dole a ware gidan daga bututun ta ko'ina, daɓe da silin da kwano da dalmar da ke hana yoyo, sai ka iya zura hannu ka zagaye shi.

Kawu Birkila: Yanzu na fara ganewa. Ai rumbu ne babba. Mu ma kan duwatsu muke ɗora rumbu saboda danshi da gara. To su gara ba ta cin dirkar tasu? Mu nan azara muke sa wa, giginya ba ta jin haƙorinta.

Na-Mai-Wurno: Tana ci, Kawu, garar nan ba ta da kunya. Su ma da itace mai tauri suke yi, amma shekara ɗari a cikin danshi ba wasa ba ne. Akwai wata hular kwano da suke kifawa a kan kowace dirka. Mutane na ɗauka tana hana gara hawa. Ba ta hanawa. Tilasta mata take yi ta gina hanyarta ta laka a fili ta kewaye hular, yadda mai gida zai gani in ya leƙa. Wanda bai leƙa ba, hular ba ta amfane shi da komai ba.

Mai Shayi na Logan: Ni ba ni da ilimin gini, jiki magayi ne kawai. Na ba wani aikin canza dirka goma sha biyu saboda ya fi kowa araha. Ya nemi rabin kuɗi kafin ya fara, na ba shi. Ya yi huɗu, ya bar gidana kan guntayen katako wata uku, wayarsa kullum a kashe. Daga baya na gano lasisinsa ba na irin aikin ba ne. Ka shiga shafin QBCC, hukumar da ke ba masu gini lasisi a Queensland, ka duba lambar lasisin kowanne cikin ukun nan, kyauta ne. Kuma aikin da ya kai dala 20,000, kafin alƙalami ba ya wuce kashi 5 cikin ɗari a doka. Da na san haka da ban sha wahala ba.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri. Ni ma in ƙara ɗaya, tunda na ga an rinjaye ni. Baban Khalifa, kada ka ɗauki guduma kafin ka tambayi hukuma. A Brisbane gidajen da aka gina a 1946 ko kafin nan, in suna cikin unguwannin da aka shata don kare tsohon fasali, ba a rushe ɓangarensu haka kawai. Naka na 1925 ne, bututun kuma ana hango shi daga titi. Ka sa mai duba takardun gini ya rubuta maka amsa a takarda. Sannan a gwada allunan kicin da na kewayen murhu. Duk gidan da aka yi wa gyara kafin 1990 ana zargin akwai asbestos a ciki, wani ma'adini mai zare-zare da ake sawa a allunan gini a da, kuma ƙurarsa ita ce cutar.

Baban Khalifa: Na hau silin jiya bayan la'asar. Injiniya, ko makulli ban buƙata ba, da farce na kankare ya zubo. Bulo biyu na sama na ɗaga su da hannu kamar an ajiye su ne kawai. Ciki duk kunkunniya da tsohuwar sheƙar tsuntsu, shi ya sa hayaƙi ya dawo mana. Akwai kuma katako ɗaya da ya shige jikinsa, yadda Na-Mai-Wurno ya faɗa. Na ɗauki hoto na nuna wa Maman Khalifa, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba.

Injiniya: To a wannan halin ba zan bar kowa ya sa masa jak ba. Amma akwai daɗin labari a ciki. Da siminti aka gina shi, da sai an farfasa bulon kafin ya rabu. Farar ƙasa kuwa tana sakin bulo lafiya, a goge shi da burushi ya koma kamar sabo. A fara daga sama a sauke shi ɗaya bayan ɗaya. Katakon saman murhu a cire shi a dunƙule, tayil a bi shi a hankali a sa wa kowanne lamba a baya. Bayan gida ya zauna a sabon tsayinsa, a mayar da fuskar murhun a falo yadda take, a kan ƙarfen da aka yi lissafin nauyinsa. In ana son wuta, a sa bututun ƙarfe a ciki.

Kawu Birkila: Wannan aikin na san shi. A sauke da hannu, kada a jefo, a jera a inuwa kan katako. In da kusa ne da na zo na yi muku kyauta.

Maman Khalifa: Na yarda, da sharaɗi. Ni zan sa wa tayil lamba, kuma ina tsaye za a cire. In ɗaya ya fashe, Baban Khalifa ya san inda zai nemo irinsa.

Baban Khalifa: Sabon bayani, bayan wata biyar. Takardu sun fi aikin cin lokaci. An amince, da sharaɗin a mayar da kan bututun da ake gani daga titi, don haka an yi shi da firam mara nauyi aka lulluɓe da tsoffin bulon da aka tsaga. An sami asbestos a bangon kicin, masu lasisi suka kwashe. Da aka tone gindin bututun, harsashin da muke ta magana a kai bulo jeri uku ne kawai a kan laka. Cikin dirkoki 54, guda 19 ba sa ma taɓa gidan. Yanzu muna sama, matakala 14, gwiwar surukata ta fara ƙorafi. Tayil biyu sun fashe, ina kan nema. Ƙwallon Khalifa tana tsayawa inda aka ajiye ta, ya ce gidan ya daina wasa da shi.

Bulo ya yi saura da yawa, yana jere a bayan gida.

Mai Shayi na Logan: Masha Allah. Kada ka zubar da bulon nan. Na daɗe ina son in gina tanderun gurasa da wurin gasa tsire. Ranar Juma'a in mun fito daga masallacin Holland Park zan biyo ka da tirela.

Maman Khalifa: Rabi za ka ɗauka. Rabin nawa ne.